Ƙafar da Aka Ƙera wa Baba

Kububuwa ce ta sari mahaifina wata kaka, yana ɗaure harawa a gonarsa ta gabashin ƙauyenmu, can ƙasar Gangara. Ni a lokacin ina Agiye, inda na kafa keken ɗinkina a bakin kasuwa, da iyalina. Kafin labari ya iso ni, an riga an ɗaure masa ƙafar tamau da igiya, an yi tsaga, an ba shi jiƙe-jiƙe, an kwana a haka. Da aka ga ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, sai aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, inda na same su, daga can kuma aka tura mu Maraɗi. Allah ya tsare ransa, amma sai da aka yanke ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Wanda bai san Baba ba ba zai gane abin da aka yanke ba. Mutum ne gajere, busasshe, mai saurin tafiya kamar ana korarsa. Tun ina yaro ban taɓa ganinsa zaune da rana ba sai in abinci yake ci. Kasuwannin da wasu ke hawa jaki su je, shi da ƙafa yake zuwa, kuma ya riga su isa. In ka bi shi gona, sai ka riƙa haɗawa da gudu.

An sallamo mu da sanduna biyu na dogarawa. Ranar da muka dawo gida ya sa ƙanena ya jefa su bayan rumbu. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya rufe dungun ƙafar da zane, ya zauna. Mutane suka yi ta zuwa jaje, suna cewa Allah ya sa kaffara ce, yana amsawa da amin, ba ƙari. Ya daina zuwa masallaci, a zaune yake sallarsa. Duk ranar da na rufe shago na hau babur na je, Inna takan tare ni tun a ƙofar gida ta nuna mini akushinsa yadda ya dawo da abincin a ciki. Haka muka ci sanyi, muka shiga bazara.

Wata ranar kasuwa ina cikin yanka wani yadi, sai na ji an jibge buhu a bakin shagona, ƙarafa suka yi ƙara a ciki. Na ɗaga kai na ga wani dogon tsoho da zuga-zugi rataye a kafaɗa. Taubashin Baba ne. Goggon Baba aka kai aure yamma, gidan maƙera a ƙasar Gidan Sori, ta haife shi, don haka shi maƙeri ne gaba da baya. Baba Maƙeri muke kiransa. Muryarsa kamar ana buga tukunya, kuma ba ya taɓa yin aiki bai yabi kansa ba.

"Tashi ka kai ni wurin bawana," ya ce mini, ko gaisuwa ba mu gama ba. "An ce mini ya koma mai gadin zaure."

Na goya shi a babur da buhunsa. Da muka isa, akwai dattawa zaune wurin Baba, kowa ya yi jugum. Baba Maƙeri ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya.

"Ina gurgun garin ga?"

Tun da abin ya faru ba wanda ya taɓa furta wannan kalma a gidanmu. Dattawa suka sunkuyar da kai. Baba ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Wa ya kwance wannan bawa ya bar shi yana yawo?"

Maƙeri ya shigo ya durƙusa, bai nemi izini ba ya yaye zanen. Ya kama dungun da manyan hannuwansa masu tabon wuta, ya juya shi nan, ya juya shi can, kamar mai duba ƙotar gatari.

"Macijin ga ya yi maka adalci," ya ce. "Ya bar maka gwiwa. In da gwiwa, akwai ƙahwa. Ni ka ƙera maka wadda ta hi ta da kyau, don waccan ma karkatacciya ce."

Baba ya yi tsaki, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Maƙeri ya kafa maƙerarsa a gindin aduwar da ke ƙofar gidanmu. Ya samo gungumen ƙirya, ya yi ta sassaƙa da gizago yana waƙa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa a ƙasar Gobir kaf ba a haifi kamarsa ba. Ya fafe saman kamar ƙaramin turmi inda dungun zai zauna, ya kakkafa madaurai na fata da ƙusoshi. Ranar gwaji rabin ƙauye ya taru. Aka ɗaura wa Baba, ni da ƙanena muka ɗaga shi tsaye. Ya taka, sai na ji duk jikinsa ya ƙage a hannuna, gumi ya keto masa. Ya sake takawa, sai muka ji ƙas, itacen ya tsage daidai layin ƙusoshin. Da aka cire, bakin dungun ya fashe yana jini.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce a mayar da shi tabarmarsa. Da aka zaunar da shi ya ce wa Maƙeri, a gaban kowa, "Ka tattara ƙarafanka ka koma. Wasa ya ƙare."

Ban taɓa ganin Baba Maƙeri shiru ba sai ran nan. Bai tattara komai ba. Ya zauna a gindin aduwa da tsagaggen itacen a cinyarsa har rana ta faɗi.

Washegari na ɗauki Baba a amalanke zuwa likitar Gangara, ƙaramin asibitinmu, a wanke ciwon. Muna tafe na waiwaya, sai ga Maƙeri yana bin mu a ƙasa, ƙafar ƙirya a kafaɗa. Majo ɗin da muka tarar, wato babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ga ciwon, ta ga itacen, ta yi mana faɗa sosai, mu duka. Ta ce akwai inda ake yin irin waɗannan ƙafafu a babban gari, in mun yarda ta yi mana hanya, ko da yake akan jira. Baba ya ce shi ya gama shiga mota. Ta ci gaba da naɗe ciwon. Sai Maƙeri, wanda ya raɓe a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, gwada mini inda na ɓata."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta ce ya matso. Ta nuna masa bakin dungun ta ce nan ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan, dole ya kasance a rataye, kada ya taɓa komai. Sa'an nan ta sa babban yatsanta a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ta danna, ta danna gefe da gefe inda akwai nama, ta ce nan ne mutum zai iya tsayuwa a kai. Ta nuna inda ƙashi ya taso ta ce a bar masa wuri. Maƙeri ya sa nasa yatsan duk inda ta sa nata, yana tambayar Baba ko da zafi. Ta ce kuma kada a kuskura a sake gwada komai sai ciwon ya warke sarai, kuma a kawo mata ta gani. Ya ce ya ji.

Makonnin da aka yi ana jiran ciwon ya warke, Maƙeri ya zauna yana gyara wa mutanen ƙauye hauyoyi da gatura. Ranar kasuwar Agiye yakan biyo ni. Akwai wani mutum kusa da shagona mai liƙin robobi, ana kawo masa fasassun bokitai da jarkoki, yana ɗora ƙarfe a wuta yana narka bakin tsagar yana haɗewa da ɗan yankin wata robar. Maƙeri ya samu dutse ya zauna kusa da shi wuni guda, yana kallo yana tambaya: wace roba ce ke narkewa, wace ce ke laushi kawai, wace ce ke ƙonewa. Da la'asar sai ga shi ya shigo shagona da guntun tiyo mai kauri, ruwan toka, irin wanda ake zurawa a rijiyar burtsatse. Ya ɗora shi a kan teburina, ya ce, "Ga turmin." Ni dai na ga tiyo ne miƙaƙƙe, mai tauri kamar ƙashi, ban ga ta inda naman mutum zai zauna a ciki ba.

Da majo ta ce ciwon ya warke, sai wata matsala ta taso: Baba ya rantse Maƙeri ba zai sake taɓa ƙafarsa ba. Inna ce ta warware wannan. Ta kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi kamar za ta gina tukunya, ta shiga zaure ta ce kowa ya fita. Ta naɗe dungun da leda, ta lulluɓe shi da yumɓun, ta daddanna inda Maƙeri ya kwatanta mata. Da ya ɗan sha iska ta raba shi biyu da zare, ta fito da shi a faifai. Ga siffar dungun Baba a ciki, har da ɗan tudun ƙashi da layin ɗinki.

Maƙeri ya sari icen dashi mai laushi ya fara sassaƙa irin dungun. Yakan shafa baƙin tukunya a cikin yumɓun, ya zura itacen, ya zaro. Duk inda baƙi ya taɓa sai ya kankare. Haka ya yi ta yi, ba waƙa, ba kirari, har itacen ya riƙa shiga yana zama daram. Daga nan ya liƙa 'yan guntayen fata a bakinsa da kan tudun ƙashi don robar ta bar sarari a wurin, ya ƙara rage ƙarƙashin gwiwa don ta matse a can.

Ranar da ya gasa tiyon ina wurin, ni ke riƙe da itacen. Ya bar wuta ta mutu sai garwashi. Ya riƙa juya tiyon a sama kamar mai gasa masara. Guntun farko ya matsa kusa da yawa, ya yi baƙi, ya kumbura, wari ya cika wurin. Ya jefar, ya zagi kansa. Na biyu ya ɗaga shi sama, ya yi haƙuri, yana latsawa da tsumma lokaci-lokaci. Ina kallo abin nan mai taurin ƙashi ya fara lanƙwasa da kansa, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen ƙirgi. Ya ce, "Riƙe da kyau!" Ya zura shi a kan itacen ya ja da ƙarfi, ya nannaɗe shi da yankakkiyar robar cikin taya tun daga sama har ƙasa, ya ce a kawo ruwa. Inna ta kwara masa tulu guda. Tururi ya tashi. Da ya warware, ya buge itacen ya fita, sai ga tiyo ya koma taurinsa na da, amma yanzu siffar ƙafar mahaifina ce a cikinsa. Na zura hannuna na shafa. Na ji gurbin ƙashin, na ji ɗan tudun da zai tokare ƙarƙashin gwiwa. Ni da nake auna jikin mutane kullum ina yanka musu tufa, ban taɓa ganin abin da ya bi jiki haka ba.

Duk wannan aikin a ƙofar zaure ake yinsa, Baba yana ciki ya juya mana baya. Amma kunnensa na waje. Ranar da Maƙeri ke neman icen da zai yi ƙwauri, yana cewa ƙirya ta yi nauyi, sai muka ji murya daga zaure.

"Akwai tsohuwar taɓarya bayan ɗakin uwarsu. Aduwa ce. Ta fi shekarun yaron nan a bushe."

Maƙeri ya ƙifta mini ido. Washegari Baba ya ja tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, wai zafi ya yi yawa a ciki.

A wurin haɗa tafin da ƙwaurin ne na ga abin da har yau nake tunawa in na ɗauki wani abu da aka ƙera. Maƙeri ya sassaƙa tafin daga icen da bai gama bushewa ba. Ya huda rami mai kusurwa huɗu a wajen dunduniya, ya fiƙe bakin busasshiyar taɓaryar daidai ramin, ya buga ta ciki. Na tambaye shi ina ƙusa. Ya ce ƙusa ce ta kunyata shi a karon farko: tana raba jijiyar itace, in ta sha gumi kuma ta yi tsatsa ta ci wurin zamanta. Ya ce ɗanyen icen nan zai bushe ya tsuke, ya riƙe busasshen da kansa. Ya huda ta gefe ya ratsa su da ɗan tsinken itace, ya yanke kawunan, ya ajiye a inuwa. Bayan kwanaki ya miƙo mini ya ce in raba su. Na taka tafin na ja ƙwaurin da iya ƙarfina. Ko motsi. Na duba wurin haɗin, da ƙyar na ga layin.

"Yatsu nawa kaka so?" ya tambayi Baba yana gyara gaban tafin. "In ƙara maka guda, ka hi kowa?"

"Ka dai tsaga mini tsakanin babban yatsa da na kusa da shi," in ji Baba. "Ba zan shiga masallaci da takalmi ɗaya ba kamar mahaukaci."

Wannan ce maganar farko da ya yi wadda ta nuna yana shirin zuwa wani wuri. Inna tana bayan darni tana jinsu. Da yamma akushi ya dawo wayam.

Haɗa robar da itacen ya fi ba Maƙeri wuya, don bai taɓa yi ba. Ya gwada ƙusa a kan guntun da ya ƙone, robar ta dare nan take. Ya kwana biyu yana juya abin. Daga baya ya yanka wuya a saman ƙwaurin, zagaye, ya sake gasa ƙasan tiyon kaɗai, ya zura itacen, ya ɗaure da waya har robar ta nutse cikin wuyan ta sandare a haka. Sa'an nan ya ɗora siririn ƙarfe a wuta ya huda ramuka; da yake zafi ne ya buɗe su, bakinsu ya narke ya yi santsi, ba tsaga. Ya yanko 'yan sanduna daga mariƙin wani tsohon ludayin dalma, ya zura kowanne ya ratsa roba da itace, ya sa ɗan faifan ƙarfe a kowane gefe, ya riƙa dandaƙa kan a hankali har ya baje kamar hula. Hannun da na saba gani yana dukan jan ƙarfe har tartsatsi na tashi, shi ne yake wannan bugu, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsince tsaba.

Daga wani tsohon gadon ƙarfe ya yanko sanduna masu faɗi, ya daddale su, ya yi musu gaɓa a tsakiya, don su bi gefen gwiwa biyu su riƙe cinya. Sai da ya zo neman daidai inda gaɓar za ta zauna ne Baba ya bari ya taɓa shi, amma lafiyayyar ƙafar. Ya sa shi ya zauna a kan turmi yana lilo da ita, shi kuma ya ɗora yatsa a gefen gwiwar yana matsar da shi, har ya samu wurin da ba ya tafiya gaba ko baya. Ya ɗiga gawayi a wurin, ya auna da kara. Gaɓar ya haɗa ta da bulon na babur, ƙusar nan da ake ɗaura wa noti, ya ɗaura noti biyu ya matse su da juna, ya ce ɗaya zai tsare ɗaya kada tafiya ta kwance su.

Nawa aikin shi ne madaurin cinya da safa. Na ɗinka madaurin da fata mai laushi, na yi masa ramukan igiya kamar takalmi. Safar kuwa da auduga na yi ta, na juya ɗinkin waje don kada ya goge shi. Na lalata da dama kafin in samu wadda ba ta tattarewa.

Na ƙarshe shi ne ƙasan tafin. Maƙeri ya yanko tayar mota, ya karce ta, ya karce itacen, ya shafa musu kol, wato gam irin na masu gyaran takalma, kowanne daban, ya ajiye su a rana ya koma ya kama goronsa. Baba, wanda yanzu tabarmarsa ta iso har gindin aduwa, ya kasa haƙuri.

"Kai, zai bushe! Ka haɗa mana!"

"Shi nika jira," in ji Maƙeri. "Wani baduku ya ce mini in ka haɗa da ɗanye, zamewa shika yi."

Sai da ya taɓa da bayan yatsa ya ji ba ya kamawa, sa'an nan ya daidaita su ya haɗa, ya bi da guduma. Abu biyu da na ga sun bushe, na ɗauka an yi asara, suka kama juna kamar tare aka halicce su.

Gwaji na biyu ba a gayyaci kowa ba. Da hantsi ne, a tsakar gida, daga mu sai Inna. Baba ya sa safar da kansa, ya zura dungun. Na ji wata 'yar ƙara, fus, iska ta fita. Ya ɗaure cinyar. Muka miƙa hannu za mu ɗaga shi, ya ture, ya dafa bango ya miƙe. Ya tsaya. Ya karkata nauyinsa hagu a hankali, fuskarsa a ɗaure, yana jiran zafin nan. Muka ga fuskar tana sakewa. Ya saki bangon.

Na manta tsawonsa. Watanni ina kallonsa daga sama, sai ga idonsa daidai haɓata kamar da. Inna ta toshe bakinta da gefen mayafi. Maƙeri kuwa ya durƙusa yana kallon gaɓar ƙarfen, bai ko ɗaga kai ba.

"Taka," ya ce.

Baba ya taka. Gaɓar ta lanƙwashe tare da gwiwar, ta miƙe tare da ita. Ya sake takawa, yana bin bango, har bakin rumbu. Can ya tsaya yana haki, ya ce, "Tana cizo nan, ta baya."

"To sarkin ƙorahi," in ji Maƙeri. "Ciro ta."

Ya ɗumama wurin da garwashi a cokali, ya tura robar waje da ƙotar wuƙa, ya zuba ruwa. Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki, suna zagin juna, Baba na nuna inda ke cizo, Maƙeri na gyarawa. Muka koma wurin majo kamar yadda ta ce. Ta duba fatar, ta sa aka ƙara sarari a wuri ɗaya, ta koya wa Inna abin da za ta riƙa dubawa kullum. Baba ya faɗi ba sau ɗaya ba. Ya karɓi sanda guda, ta makiyaya, ba irin waɗanda ya jefar ba. Juma'ar farko da ya je masallaci da takalmansa biyu, yara suka bi shi a baya har ƙofa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Maƙeri ya ce mutanensa na jiran hauyoyi, ya tattara buhunsa na kai shi tasha.

Ruwan shuka ya sauka wata la'asar. Da gari ya waye na rufe shago na tafi ƙauye in taya ƙanena, kamar kowace shekara. Na tarar da zaure ba kowa. Inna ta ce tun da sassafe ya ɗauki ƙoƙon iri ya fita, ta yi magana ya ƙi ji.

Tun kafin in hango shi na ga sawunsa a kan jiƙaƙƙen rairayi: sawun ƙafar mutum, sai zanen tayar mota, sawun mutum, sai zanen taya, sun miƙe har cikin gona. Na bi su da babur a hannu. Ƙanena na gaba da sungumi yana sara, Baba na biye. Ya jefa hatsi a rami, ya tsaya a kan ƙafar dama, ya ja ƙasa da ta itacen ya rufe, ya danna da dunduniya, ya wuce. Ba da saurin da ba, amma bai tsallake rami ko ɗaya ba. Na tsaya a bakin gona na kasa ƙarasawa. Taɓaryar Inna, da tiyon rijiya, da gadon da aka yar, da ludayi, da taya, duk na san inda kowanne ya fito, na ga ranar da aka haɗa su, amma ga su suna tafiya a ƙarƙashin mahaifina suna binne iri. Na yi ta maimaita sunan Allah a zuciyata.

Da ya kai ƙarshen layi ya zauna a kan kunya, ya kwance ƙafar, ya zazzage rairayin da ya shiga, ya mayar. Sai a lokacin ya gan ni.

"Kallo ka zo ko shuka?" ya ce.

Ya yi damuna da dama a kan ƙafar nan. Taya ta cinye an sake wata, na ɗinka safa ban san adadi ba, amma haɗin tafin da ƙwaurin bai taɓa motsi ba.

Baba Maƙeri ya riga shi rasuwa. Da saƙo ya zo, Baba, wanda ya ce ya gama shiga mota, ya ce in nemo mana wuri a taksi. Muka ratsa Maraɗi muka yi yamma, muka sauka a bakin hanya, ya ƙi hawa babur ɗin kabu-kabu, ya taka har ƙofar gidan. Aka yi addu'a, aka zauna. Can babban ɗan mamacin, wanda ya gaji maƙerar, ya matso ya ce, cikin ladabi, tsohonsu ya cika musu kunne da labarin wata ƙafa da ya ƙera a gabas, har sun ɗauka cika bakinsa ne da ya saba. Ko Baba zai bari su gani?

Baba ya naɗe wando ya kwance ta a gaban jama'a, ya miƙa. Ta riƙa yawo hannu zuwa hannu a kan tabarmin makoki, tsofaffin maƙera suna juya ta, suna lanƙwasa gaɓar, suna bin haɗin da farce. Da ta dawo hannun babban ɗan, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ce ɗaya daga cikin 'yan sandunan dalmar ya yi sako-sako. An rufe maƙerar tun ranar rasuwa, amma ya tashi ya buɗe, ya ɗauko ƙaramar gudumar ubansa. Muna zaune muna jin bugun daga ciki, a hankali. Ya fito ya durƙusa ya miƙa wa Baba da hannu biyu, idanunsa jawur. Baba ya ɗaura, ya miƙe, ya taka ya ji, ya ce ta yi. Muka yi sallama da su, don muna so mu sami motar la'asar.